Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ekklisiyoyin Arewa: ina tsohon fasto da iyalinsa za su nufa bayan sun miƙa makulli?

Zuwa ga iyayenmu shugabannin ekklisiyoyi, sakatarorin ƙasa, ma'ajiya da shugabannin gundumomi a faɗin Arewacin Nijeriya.

Iyayenmu, muna gaishe ku da girmamawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Sannunku da aiki, sannunku da ɗawainiyar garken da aka damƙa a hannunku. Ubangiji ya ƙara muku lafiya da hikima.

Ni 'yar fasto ce. A gidan fasto aka haife ni, a can na yi wayo, daga can aka kai ni ɗakin miji. Mahaifina ya yi hidima sama da shekara arba'in, ya fara a matsayin mai bishara a ƙauye, ya gama yana Rabaran, yanzu yana zaune a gida da sandarsa da tsohon Littafi Mai Tsarki wanda idonsa ya daina iya karantawa. Na rubuto ne da yawun 'yan'uwana 'ya'yan fastoci da masu bishara, da kuma iyayenmu mata waɗanda mazansu suka yi ritaya ko suka yi barci cikin Ubangiji. Ba mu da ƙungiya mai rajista, ɗarikunmu ma daban-daban ne. Abin da ya haɗa mu shi ne irin gidan da muka tashi a ciki.

Abin da ya sa muka kasa ci gaba da yin shiru shi ne wata takarda da aka miƙa wa mahaifiyar ɗaya daga cikinmu kwanan baya. Mijinta ya rasu yana kan aiki bayan shekara talatin da wani abu yana hidima. Ba a ma gama zuwa yi mata gaisuwa ba sai ga takarda daga ofishin gunduma, an ba ta wata uku ta kwashe kayanta daga gidan fasto domin sabon ma'aikaci yana hanya. Tana da yara biyu a sakandare, ga jika a hannunta. Ba zan ambaci ekklisiyar ko gundumar ba, domin da muka ba juna labarin, kusan kowa ya ce ya san wata Mama da aka yi wa haka a tasu ɗarikar. Mun sani sabon fasto ma yana da iyali, kuma dole ya sami wurin kwana. Ba da shi muke ba, ba kuma da sakataren da ya sa hannu ba. Kukanmu yana kan tsarin da ya bar sakataren ba shi da abin da zai miƙa wa gwauruwa sai wa'adi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, ekklisiyar nan tamu ce, cikinta za mu mutu.

Bari mu fara da maganar gida, domin ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya.

Ku da kanku kun san yadda canjin wurin aiki yake. Takarda za ta iso, a karanta ta a sujada ranar Lahadi, mata su yi kuka, bayan 'yan makonni motar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Ina iya ganin namu kayan har yanzu: akwatunan ƙarfe biyu cike da littattafan Baba, gadon ƙarfe, turmi da taɓarya, keken ɗinkin Mama a naɗe cikin bargo, kaji a cikin kwando, mu yara a zaune bisa buhunan masara. Baba bai taɓa cewa ba zai je ba. Ko da aka tura shi inda sai an ɗaga keke a kai a haye rafi da damina, cewa ya yi wanda ya kira shi ya san hanyar. Duk gidan da muka sauka sai ya dasa mangwaro da gwaiba, ya gyara rufi da kuɗin aljihunsa, ya haƙa masai, wani wurin har rijiya. Duk waɗannan suna nan a filayen ekklisiya, wasu suna cin moriyarsu, muna kuma murna da haka. Amma ranar da ya yi ritaya, babu ɗaki ɗaya a duniyar nan da zai nuna ya ce nasa ne.

Za a ce me ya hana shi gini tun yana da ƙarfi. Albashin bai kai ba, wannan ɗaya ke nan. Na biyu, mutumin da bai san inda zai kasance nan da shekara huɗu ba, a wane gari zai sayi fili? Na uku kuwa kowa ya san shi amma ba a faɗa a fili: faston da aka ga yana tara bulo, kafin ya kai linta an fara raɗe-raɗin ya taɓa baiko. Da yawa daga cikin iyayenmu sun gwammace su tsufa ba gida da a ɓata musu suna. Komawa ƙauyen haihuwa ma ba kowa ke da wannan gatan ba. Wanda ya bar gida yana saurayi ya tafi makarantar Littafi, kafin ya dawo da furfura an raba gona, kangon mahaifinsa ya rushe. Akwai waɗanda tun ranar da suka yi baftisma danginsu suka cire su daga gado. Akwai kuma waɗanda ƙauyen nasu ya watse saboda hare-hare, babu wanda ya rage da zai ce musu maraba. Mahaifina ɗakin haya ya fara kamawa, kuma wani maƙwabci Musulmi ne ya ba shi aron wata 'yar gona ya riƙa shuka gyaɗa. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri.

Muna son tarihinmu, muna kuma yin bukukuwansa. Muna tuna Gowans da Kent da Bingham da suka sauka Legas a 1893, da Karl Kumm a Wase a 1904, da Dokta Bronnum a Numan a 1913, da Kulp da Helser ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923. Sun cancanci a tuna da su. Amma Turawan mishan 'yan kaɗan ne, ba su ne suka taka kowane tsauni da kowace ruga ba. Bayan da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, 'ya'yan ƙasa ne suka saɓa shi a jaka, waɗanda aka horar a Gindiri da Kagoro da Kwarhi da Bukuru, suka bi ƙauyuka da ƙafa da keke, suna koya wa mutane karatu da rana, suna wa'azi da fitilar ƙwai da dare. Majami'un da ke da dubban membobi a yau, da yawansu a ƙarƙashin rumfar kara irin waɗannan mutane suka fara su. Kuma akwai abin koyi a wurin mishan ɗin kansa: SIM, ƙungiyar mishan da su Bingham suka fara, ta kafa unguwa guda a garin Sebring na jihar Florida a Amurka, inda tsofaffin ma'aikatanta ke zama bayan ritaya. Sun yi tunanin tsufan nasu tun da wuri. Mun gaji makarantu da asibitoci da tsarin mulki daga hannunsu, wannan tunanin ne ba mu ɗauka da ƙarfi ba.

Sai maganar fansho. Mun sani wasu ekklisiyoyinmu suna da asusun fansho da ofishi mai kula da shi, muna kuma gode wa waɗanda suka kafa su. Matsalar tana wurare uku. Ana lissafa fansho bisa albashin da tun farko bai isa ba, sa'an nan a bar shi a yadda yake shekara da shekaru. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma komai na kasuwa ya bi ta. Gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024. Ku tambayi tsofaffin da ke gundumominku nawa ke shiga hannunsu a wata, ku kwatanta. Na biyu, akwai waɗanda aka yi ta cire musu kaso daga albashi a majami'a, amma kuɗin bai isa hedikwata ba, domin an ranta an sayi kwanon rufi ko an karɓi baƙin taro da niyyar za a mayar. Ranar da tsoho ya je neman haƙƙinsa sai a buɗe fayil a ce akwai giɓin shekara kaza, ya koma ya kawo shaida daga majami'ar da ya bari tun kafin a haifi magatakardan da ke tambayarsa. Ma'ajin wancan lokaci ya rasu, gara ta cinye littafin. Na uku, tantancewa. Dattijo mai ciwon gwiwa zai hau mota daga ƙauye zuwa hedikwata don a ga yana raye, kuɗin motar zuwa da dawowa ya kusa cinye abin da zai karɓa.

Wanda wannan ya fi dannewa shi ne faston ƙauye da mai bishara. A yawancin wurare albashin ma'aikaci yana rataye ne a kan baiko da zakkar majami'ar da yake. Wanda aka ajiye a birni yana da albashi a kan kari, ga kyautar membobi, wani ma a saya masa mota ranar sallama. Wanda aka tura daji kuwa sai lokacin godiyar kaka yake ganin abin kirki, shi ma dawa ce da kaji. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, akwai majami'un ƙauye da kwanon baiko ya riƙa zagayawa ya dawo kusan wayam. Makaranta ɗaya suka yi, hannu ɗaya aka ɗibiya musu. Wanda ya yi biyayya ya tafi wuri mai wuya, shi ne ke shan wuya sau biyu, yana aiki da kuma bayan ya gama. Matasan da ke makarantun tauhidi yanzu suna kallo, shi ya sa ake ta kamun ƙafa don kada a tura mutum ƙauye. Ba mu yaba wannan hali ba, amma mun san inda ya samo tushe.

Yanzu ga maganar da ta fi taɓa mu, maganar Mama.

Idan za a ɗauki fasto aiki, ana duba matarsa. Ana tambaya ko tana da hali, ko za ta iya da mata, ko ta yi makarantar matan fastoci. Da zarar sun sauka, ita ce uwar Zumuntar Mata, ita ke koyar da Makarantar Lahadi idan malami bai zo ba, ita ke sasanta mata da miji kafin magana ta kai gaban dattawa, ita ake bugun ƙofarta da tsakar dare idan naƙuda ta tashi. Duk baƙon da ya sauka a majami'a, daga mai wa'azin farkawa har matafiyin da dare ya yi masa, tukunyarta ce za ta ciyar da shi. Na sha ganin mahaifiyata ta gama rabon tuwo, baƙi sun yi sallama, ta tattara malmalarmu ta sake yankawa, ita kuma ta jiƙa ƙanzo ta sha ta ce ba ta jin yunwa. Tana da takardar koyarwa, amma ba ta taɓa daɗewa a makaranta ɗaya har ta sami ƙarin girma ba, domin duk lokacin da ta fara kafuwa sai takardar canji ta zo. A ƙarshe ta haƙura, ta koma ɗinki da suyar ƙosai a bayan gida, shi ma a ɓoye-ɓoye, don kada a ce matar fasto ta zama 'yar kasuwa.

Duk wannan aiki babu inda aka rubuta shi. Ba ta da fayil, ba ta da lamba, sunanta ba ya cikin kowane littafin albashi. Ranar da mijinta ya rufe ido, a wurare da yawa ranar ce matsayinta ya ƙare. Matar da jiya ake tashi a ba ta kujerar gaba, yau tana tambaya wa zai ba ta aron ɗaki ta ajiye kwanukanta. Wasu sukan koma hannun dangin miji waɗanda ba su san su sosai ba, domin rayuwar aure duka a wuraren aiki aka yi ta. Mutum biyu kuka ɗauka aiki, iyayenmu, kuka biya ɗaya.

Ga kuma rashin lafiya. Hawan jini, ciwon suga, yanar ido da ciwon mafitsara su ne abokan tsufan iyayenmu maza. Mun san dattawan da ke raba ƙwayar maganin hawan jini biyu don ta kai ƙarshen wata, da waɗanda suka daina zuwa asibiti suka koma kemis ana ba su na kwana uku-uku. Idan abin ya yi tsanani sai a yi sanarwa a sujada a zagaya da kwano. Membobi suna bayarwa da zuciya ɗaya, Allah ya sa musu albarka, amma ku yi tunanin yadda mutumin da ya yi shekara arba'in yana tsaye a bagadi yake ji idan aka kira sunansa ana neman masa kuɗin maganin ciwon mafitsara.

Mu 'ya'ya ba za mu yi dogon ƙorafi a kan kanmu ba. Mun yi ta canza makaranta a tsakiyar zango, wasunmu sun maimaita aji, wasu sun tsaya a sakandare domin kuɗin jarrabawa ya gagara. Muna ɗaukar nauyin iyayenmu da farin ciki gwargwadon ƙarfinmu, wajibinmu ne. Amma akwai gidajen da ba mai ɗauka. Ku tuna iyalan ma'aikatan da aka kashe a bakin aiki. Kowa ya ji labarin Rabaran Lawan Andimi na Michika da Boko Haram suka kashe a Janairun 2020, kuma kowa ya san yadda suka mamaye Kwarhi, hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Oktoban 2014 har ma'aikata suka watse da iyalansu. Bayan waɗanda sunansu ya fito a jarida akwai masu bishara da yawa a Borno da Adamawa da Filato da Kudancin Kaduna da ba a ji nasu ba. An yi jana'iza, manya sun zo sun yi alkawari, motoci sun tafi. Wa ke da jerin sunayen marayunsu? Wa ya san ajin da kowane yaro yake a bana?

Mun san amsar da aka saba bayarwa: aikin Ubangiji aikin bangaskiya ne, ladan yana sama. Mun gaskata da haka, iyayenmu ma da wannan suka rayu, ba su taɓa yin yajin aiki ba, ba za su kuma rubuta irin wannan wasiƙa da hannunsu ba. Amma ku ne kuka koya mana cewa Lawiyawa, da ba a ba su rabon ƙasa ba, an umarta a ba su garuruwa 48 da wuraren kiwo, yana nan a Littafin Ƙidaya sura 35. Ku ne kuka karanta mana 1 Timoti sura 5, inda aka ce dattawan da ke fama da wa'azi da koyarwa sun cancanci girmamawa ninki biyu, ma'aikaci kuma ya cancanci ladansa. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka kawo ƙara cewa ana manta wasu gwauraye wajen rabon abinci, manzanni ba su ce a je a yi haƙuri ba. Sun kira taro, aka zaɓi mutum bakwai, aka ba su aikin. Agogon bango da turmin atamfa da ambulan da ake bayarwa ranar bikin sallama muna godiya da su, amma ba su ne biyan wannan bashi ba. Abin da tsohon fasto da matarsa ke bi haƙƙi ne, kuma haƙƙi rubuta shi ake yi, don kada ya dogara ga kirkin wanda ke kan kujera a lokacin.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

A sa doka a rubuce cewa ba za a fitar da gwauruwar ma'aikaci daga gidan ekklisiya ba sai an cika shekara guda, kuma sai an tabbatar da inda za ta koma. Idan sabon fasto ya iso kafin nan, gunduma ta kama masa haya. Kuɗin hayar shekara ɗaya bai kai abin da ake kashewa a babban taro guda ba.

A fara tanadin gida tun ranar da aka ɗauki mutum aiki. Ekklisiyoyinmu suna da filaye. A yanka wa kowane ma'aikaci fuloti da sunansa da na matarsa a takarda idan ya cika shekara goma, a buɗe asusun gini da za a riƙa zuba wani abu kowane wata, a kuma faɗa wa membobi daga bagadi cewa faston da ke gina ɗakin tsufansa bai yi laifi ba. Waɗanda suka riga suka yi ritaya ba gida, kowace gunduma ta ƙidaya nata, a fara da mafi tsufa. Majami'ar da ta iya zuba tayil da gina hasumiya za ta iya ɗaki biyu da falo.

A gyara fansho. Dokar fansho ta ƙasa ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8, cikin asusu mai sunan ma'aikacin wanda ke bin sa duk inda ya koma. Bai kamata ekklisiya ta yi ƙasa da abin da ake nema daga kamfani ba. Kowane ma'aikaci ya riƙa samun takarda sau ɗaya a shekara da ke nuna abin da aka zuba masa. Majami'ar da ta riƙe kuɗin fansho a ɗauke shi bashi a kanta, kada a ɗora giɓin a kan tsoho. A riƙa duba adadin fansho lokaci-lokaci bisa tsadar rayuwa, kuma tantancewa ta koma gunduma, ko a aiki fasto mai ci ya je gida ya gano tsohon, ziyarar ma wani magani ce.

A kafa mafi ƙarancin albashi ɗaya ga duk ma'aikata, a biya shi daga asusu na tsakiya wanda majami'un birni za su fi zubawa. Da yawa daga cikin membobin birnin ma a ƙauye aka yi musu baftisma.

A rubuta sunan matar fasto a fayil a matsayin ma'aikaciya, a ba ta alawus nata komai ƙanƙantarsa, kuma fansho ya ci gaba da zuwa hannunta muddin tana raye.

A sa tsofaffin ma'aikata da matansu cikin inshorar lafiya. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar ga kowane ɗan ƙasa, jihohi irin su Filato da Kaduna suna da hukumominsu da ke karɓar rajista, ekklisiya za ta iya biya musu a dunƙule. Muna kuma da asibitocin kanmu, Jankwano a Jos, asibitin Vom, asibitin ido na Kano da sauransu. A ba kowane tsohon ma'aikaci kati, inda ake yin rangwame a faɗaɗa shi, a kuma sanar da na ƙauye cewa akwai. Marayun waɗanda suka mutu a bakin aiki kuwa, a ba su gurbi kyauta a makarantunmu har su gama.

Ga fastocin da ke kan aiki yanzu, musamman masu kujera a majalisa, muna tuna muku da ladabi cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku ne za ku kaɗa ƙuri'a a kan wannan, ku ne kuma za ku zauna a ƙarƙashinsa.

Muna roƙo a sa wannan batu cikin ajandar babban taron majalisa mai zuwa na kowace ekklisiya, a ba shi lokacinsa, kada a tura shi ƙarshen rana lokacin da wakilai ke neman mota. A gayyaci gwauraye biyu ko uku da tsofaffin masu bishara su yi magana da bakinsu a gaban wakilai. Mu 'ya'ya a shirye muke mu taimaka da tattara sunaye, cikinmu akwai akantoci da lauyoyi da ma'aikatan jinya da za su yi aikin kyauta. Kafin nan, muna roƙon shugaban gundumar da ya san takardar da muka ambata daga ofishinsa ta fito, ya janye ta a wannan mako, ya je da kansa ya zauna da Mama, a nemi mafita tare da ita.

Ubangiji ya bishe ku.

Taku cikin Almasihu,
'Yar wani tsohon fasto, a madadin 'yan'uwanta da iyayenta mata.